Yadda Agogo Ya Cinye Buhunan Bulama

Duk wanda ya ce lissafi ba ya sa zazzaɓi bai taɓa riƙe littafin ƙungiyar manoman tattasai a Diffa ba. Ƙasarmu Nijar, kuɗinmu sefa, amma tattasan da ake nomawa a gaɓar Komadugu da naira ake cinikinsa, domin a tsallaken kogi masu sayensa suke, a tukwanen Borno da Kano har Legas yake ƙarewa. Manomi ya kawo buhu, a yi ciniki da naira, a cire bashin taki da na man injin ban ruwa, sannan a mayar da saura sefa saboda rahoton masu ba mu rance. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta bi iska, canjin safe daban, na la'asar daban. A farkon 2024 jikka guda ta sefa sai da ta haura naira dubu biyu. Ni ne sakataren ƙungiya, don haka duk lokacin da naira ta yi tuntuɓe a Abuja, ni nake faɗuwa a Diffa.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kwamfuta a wata jami'a a Kano, ya zo hutu ya same ni tsakar dare ina goge layi ina sake rubutawa, fitilar tarho a bakina. Ya tsaya ya yi mini irin kallon nan na ƴan boko.

"Kawu, wannan wahala ai ta daina yayi."

Ƙungiya tana da wata tsohuwar kwamfutar hannu da aka sayo a Kano, wadda batirinta ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, sai an jona ta da wuta take numfashi. Yaron ya zuba mata Linux, ya tsara aiki tsaf. Kowane ƙauye da fayil ɗinsa: sunan manomi, buhu nawa, bashi nawa. Canjin kuɗi da nasa fayil, layi ɗaya tak. Ya rubuta wata ƴar manhaja da ke haɗa su ta fitar da takardar kowane ƙauye, daga na wajen Shetimari har na wajen Geskeru, da babban rahoto na Faransanci. Matsalar ita ce kafin takarda ɗaya ta fito sai an rubuta umarni mai tsawon zangon raƙumi, kuma kowane ƙauye da nasa. Da na duba umarnin na ce gara in koma ga fensir ɗina.

Ya ce kada in damu, akwai wani ɗan aiki mai suna Make. A rubuta masa sau ɗaya a wani fayil cewa takarda kaza daga fayil kaza da kaza take fitowa, ga yadda ake yin ta. Daga nan kalma ɗaya zan riƙa bugawa, shi ya san abin da ya sauya, ya sake gina shi, ya ƙyale wanda bai sauya ba. Da shi ake harhaɗa zuciyar Linux kanta, in ji shi, balle lissafin tattasai. Akwai ƙannensa na zamani irin su Maven da Gradle, wanda masu manhajar Android ke aiki da shi, amma waɗannan sai sun ɗebo kaya da yawa daga intanet, shi kuwa wannan ɗan ƙarami ne, ba ya cin kiredi.

Na tambaye shi yadda yake gane abin da ya sauya, ko karanta lissafin yake yi.

"A'a Kawu, ba ya karanta komai. Kwanan wata kawai yake dubawa. Kamar uwargidan da ba ta ɗanɗana miya, tambaya ɗaya take yi: cefane da miya, wanne ya zo daga baya? In cefane ya shigo bayan an yi miya, a ɗora sabuwa. In miya ce ta baya, a yi ɗumame."

Na ji wannan bayani na yaba. Mai karatu ya riƙe shi, domin a nan gizo ya yi saƙa.

Kafin ya haɗa wannan ɗan aiki, hutu ya ƙare. Da asuba na raka shi tashar motar Damagaram, yana leƙowa ta taga yana cewa abin da ya rage bai fi na minti biyar ba, za mu ƙarasa ta tarho. Ina ba kowa shawara: idan ɗan kwamfuta ya ce maka minti biyar, ka sallami baƙinka, ka ce a ajiye maka tuwo.

Da farko sai an sauko da Make ɗin daga intanet. A unguwarmu rezo yana zuwa ne kamar mai bin bashi, ba ya sanarwa, ba ya zama. Wani maƙwabci ya ce wajen kogi ya fi ƙarfi. Na ɗauki kwamfuta, na je shagon wani mai cajin tarho da ke da gurup a can gefen, na jona. Sanda ta cika fal a tarhona, na yi hamdala. Ashe rezon tsallaken kogi ne ya kama ni. Jikina yana Nijar, tarhona ya yi hijira Najeriya ba fasfo, ana caje shi kuɗin baƙo. Kafin a ce kwabo kiredin mako guda ya tafi. Mai shagon, wanda ya san wannan tarko sarai, bai ce uffan ba sai da na zo sayen wani katin, wanda shi ne kuma ke sayarwa.

Da aka samu ya sauka, na kira yaron. Ya ce in buɗe baƙin allo in rubuta sunan abin, harafi huɗu kacal. Ya fara kira mini su ɗaya-ɗaya da bakin ƴan Najeriya. Shi ya ce "e", ni da na yi lakwal ɗin Faransanci in buga E, ashe A yake nufi. Ya ce "i", in buga I, ashe E yake nufi. Muka yi ta wannan kokawa har na ce ya turo a rubuce. Ya turo. Na duba madannai, na danna M, na danna A, na danna K, na danna E, da yatsa ɗaya, cikin natsuwa. Abin da ya fito a allo shi ne ",qke".

Na goge na sake. ",qke".

Na kira shi na ce kwamfutar nan akwai iska a cikinta. Ya yi dariya har sai da layi ya yanke. Madannan na tsarin Turancin Ingilishi ne, tunda a Kano aka sayo ta, shi kuma ya saita cikinta da tsarin Faransa domin in samu haruffa masu hula na rahoto. Fentin da ke kan madanni daban, abin da ke fitowa daban: inda aka rubuta A, Q ce ke zaune, M kuwa ta yi ƙaura gefen L. Bai ga ya dace ya faɗa mini ba kafin ya hau mota. Na yanko farar takarda na manna wa kowane madanni sunansa na gaskiya.

Saura fayil ɗin dokokin. Rezo ba zai ɗauki komai mai nauyi ba a ranar, ni kuma ban san yadda ake fitar da abu daga tarho zuwa kwamfuta ba, sai ya ɗauki hoton allonsa ya turo ta WhatsApp, ya ce in kwafa yadda yake. Kwafa kuwa sana'ata ce. Na yi shekaru ina kwafar takardun biro, ko ɗigo ban taɓa yarwa ba. Na zauna na kwafe tas. Inda na ga layi ya ɗan shiga ciki, na danna dogon madannin tazara har ya daidaita da na hoton, na ma ɗora rula a kan allo don in tabbatar.

Na buga kalmar. Kwamfuta ta ce, da Faransancinta, "séparateur manquant", ta tsaya cak.

Na gwada layi da layi da hoton. Babu bambanci. Na kira ɗan maƙwabci mai kaifin ido ya karanta mini hoton ni ina bin allo. Babu bambanci. Na ɗauki hoton nawa allon na tura Kano, shi ma yaron ya duba ya ce, "Kawu, wallahi daidai yake." Hotuna biyu iri ɗaya, ɗaya na aiki, ɗaya ya ƙi. Matata ta ce in bar abin haka, in ta kama a yi sadaka.

Sai bayan isha'i ya kira yana haki. "Kawu, gurbin nan na farkon layi, da me ka yi shi?"

"Da me ake yin gurbi? Gurbi ai babu ne."

Ashe a wajen Make babu iri biyu ce. Akwai babun da ake yi da dogon madanni, akwai babun da ake yi da wani madanni mai kibiya a gefen hagu, Tab. Ido ba ya rarrabe su, hoto ba ya rarrabe su, rula ba ta rarrabe su, amma shi in ba ta biyun ya gani ba, ba ya motsi. Na ce wane mara tausayi ne ya kafa wannan doka? Ya ce wani Ba'amurke ne, Stuart Feldman, ya ƙirƙiro Make a 1976 a cibiyar bincike ta Bell Labs. Shi da kansa ya ba da labarin cewa bayan ƴan makonni ya riga ya sami masu amfani da abin wajen mutum goma sha biyu, yawancinsu abokansa, bai so ya ɓata musu aiki da sauya dokar ba. Saboda kunyar mutum goma sha biyu a New Jersey, ni na rasa barci a Diffa bayan shekara kusan hamsin. A 2003 har lambar yabo aka ba shi. Ban ce bai cancanta ba. Na dai ce da an tambayi ra'ayina a wannan daren, da an ɗan jinkirta.

Da na sa gurbin da yake so, sai ga rubutu yana gudu a allo, takardu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, abin ya burge ni. In naira ta faɗi, layi ɗaya nake gyarawa, in buga kalmar, duk ƙauyuka su sake lissafi kafin shayi ya huce. In ƙauye ɗaya ne ya kawo kaya, takardarsa kaɗai da babban rahoto ake sakewa, sauran ba a taɓa su. Na fara zuwa majalisa da wuri. Na fara cewa "a wajenmu masu kwamfuta". Alhaji shugaban ƙungiya ya daina kirana sakatare, ya koma Injiniya, ni kuma ban hana shi ba.

Ana cikin hunturu, tattasai ya bushe ja wur a kan shanya, kaya na shigowa sito ba ƙaƙƙautawa. Wata Litinin da yamma wani Bulama daga ƙauyukan yamma da gari ya iso da buhu 23 nasa da na ƴaƴansa. Na karɓa, aka jera a sito. Na dawo gida zan shigar, aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu nan take kamar yadda ta saba. Da aka dawo da ita na kunna, na shigar da buhunan Bulama, na gyara canji, na buga kalmar.

Amsar ta zo da sauri fiye da kullum. Ta ce komai yana daidai, babu aikin yi. A sama da ƙasa akwai wasu layuka na gargaɗi, ɗaya yana cewa wai wani fayil ya zo daga gaba da kusan daƙiƙa miliyan 380. Na karanta na yi murmushi. Mutumin da ya sha fama da babu iri biyu ba fayil daga gaba ne zai tayar masa da hankali ba. Kwamfuta kullum cikin ƙorafi take, in ka biye mata ba za ka yi sallah a kan lokaci ba. Na kwashe takardun na kai wa mai fotokofi.

Talata ranar kasuwar Diffa ce, ranar kuma da muke rabon kuɗi. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar sito, Alhaji a tsakiya, ni a gefensa da takardu masu kyan layi. Na karanta ƙauye na farko, aka ɗan yi gunaguni a kan canji, na ce lissafin kwamfuta ne, aka yi shiru. Na zo kan ƙauyen Bulama. Na karanta sunaye har ƙasa. Nasa yana nan, gabansa babu ko buhu ɗaya.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya gyara rawani, ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihu, ya kwance, ya zuba ƙwallayen dabino a kan tabarma, ya jera su biyar-biyar. Huɗu da uku.

"Malam sakatare, jiya da hannunka ka karɓa. Ko fiffike suka yi cikin dare?"

"Baba, kwamfuta ba ta ƙarya."

"To ni ke nan nake yi."

Rumfa ta ɗauki zafi. Wani Bafulatani mai sayar da nono da ke wucewa, wanda ba a kasa da shi ba, ya tsaya ya ce ai dama Barebari ba su iya ƙirga abin da ya wuce yatsunsu ba, a ba shi buhunan ya ajiye musu. Taubasantaka ce, amma ranar ba ta sami masu dariya da yawa ba. Alhaji ya ce a buɗe sito a ƙirga. Muka shiga mu wajen goma, aka shiga ɗaga buhu ana saukewa. Wanda bai taɓa motsa busasshen tattasai a rufaffen ɗaki ba bai san atishawa ba. Liman yana yi, Alhaji yana yi, ni ina ƙirga ina yi, duk wanda ya ce alhamdulillahi kafin a amsa masa wani ya sake. Muka fito idanu jajur, hawaye shaɓe-shaɓe, kamar daga gidan makoki. Buhu 23 suna nan, kowanne da alamar Bulama da shuni.

Na koma gefe na kira Kano, jama'a na kallo.

"Kawu, yau wace rana ce?"

"Yaro, ina tsakiyar wuta kana tambayata rana? Talata ce."

"Ba kai ba. Tambayi kwamfutar."

Aka jona ta a shagon tela. Na rubuta abin da ya ce. Ta amsa ba kunya: Lahadi, 1 ga Janairu, 2012.

A cikin kowace kwamfuta, ban da babban batir, akwai wani ɗan mitsitsi mai faɗin kwabo wanda aikinsa kawai riƙe agogo idan an kashe ta. Namu ya ƙare a daren Litinin. Da wuta ta ɗauke, agogo ya koma inda masana'anta suka ajiye shi, babu intanet kuma balle ya tambayi duniya ƙarfe nawa. Duk abin da na shigar a daren sai aka buga masa hatimin 2012. Takardun makon jiya kuwa suna ɗauke da 2024. Make ya duba cefane, ya duba miya, ya ga miya ta zo bayan cefane da shekara goma sha biyu, ya ba mu ɗumame. Abin takaicin, yaron ya ce dalilin ƙirƙiro shi tun farko shi ne wani abokin aikin Feldman ya ɓata safiya guda yana neman kuskuren da ya riga ya gyara, don ba a sake harhaɗa manhajar ba. An yi shi ne don kada a ci tsohon aiki a matsayin sabo. Sai dai mutanen da suka yi shi ba a ɗauke musu wuta.

Na bayyana wa rumfa. Liman ya ce shi dai batun fayil daga gaba bai kwanta masa ba, gaibu na Allah ne. Alhaji kuwa da ya ji 2012 sai ya yi ajiyar zuciya.

"Injiniya, in da hali ka bar ta can. Ka tambaye ta ko da wuri mu ma mu koma."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Kowa a rumfar ya tuna shekarun da motoci ke layi suna lodi zuwa Damasak, kafin harin Fabrairun 2015 da dokar ta-ɓaci, lokacin da aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi, gonakin bakin kogi suka koma kufai. Sai a Oktoban 2017 aka sake halatta cinikin tattasai. Bulama, wanda bai yi dariya ba, ya ce shi a 2024 yake, kuma a 2024 yake son kuɗinsa.

Yaron ya sa na gyara kwanan wata da hannu, ya ce in ƙara wa kalmar karan ɗori da B babba, wanda ke tilasta wa Make ya sake komai ko ya so ko bai so ba. Na ce B ɗin Faransa ko ta Najeriya? Ya ce ita wannan ɗaya ce. Takardu suka fito, buhunan Bulama suka dawo daga inda ba su je ba, canji ya sauya, waɗanda aka riga aka sallama aka kira su aka sake lissafi, wasu suka ƙaru, wasu suka ragu, waɗanda suka ragu har yau ba sa amsa sallamata da kyau. Batirin kuwa a wajen mai gyaran agogo na bakin kasuwa na same shi, lambarsa CR2032, dala ɗari. Ya kwance bayan kwamfutar da wuƙar yankan farce, ya naɗe sabon da salatif, ya ce in ta sake komawa baya in kawo ta ya ɗaure ta. Aka kuma zartar a taron cewa daga yau ba a biyan kowa sai takardata ta yi daidai da ƙwallayen dabinon Bulama. Na nemi a rubuta cewa ban amince ba, sai na tuna ni ne mai rubutawa.

Bayan kwana kaɗan yaron ya koya mini wani umarnin, wanda ke share tsofaffin takardu don a fara da tsabta. Ya ce babu haɗari, duk abin da aka share Make zai sake gina shi. Na gwada, dosiye ya yi fes, na buga kalmar, takardu suka dawo sababbi. Abin da bai faɗa ba shi ne dokar da ya rubuta ba ta tambayar takarda asalinta, duk wata PDF da ke dosiyen take kwashewa. A nan kuwa na ajiye katin auren ƴar Alhaji, wanda aka biya wani mai zane a Damagaram ya tsara, da sunayen dangi sama da arba'in da aka yi mako ana rigima a kan wanda zai zo kafin wani. Make ya san yadda ake gina lissafin ƙauye. Bai san yadda ake gina surukai ba.

Alhaji ya aiko a karɓi katin za a kai wa mai bugawa. Na ce a gaya masa yana nan tafe. Na wuce gidan ƙanwata kai tsaye na kai ƙarar ɗanta, na jero mata laifuffukansa tun daga tashar mota. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Yaya, kai fa ka biya masa kuɗin rajistar karatun nan."